Sunan da Kawu Bai Kira Ba

Daga Allah muka fito, gare shi kuma za mu koma. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya riga mu gidan gaskiya a ƙarshen daminar da ta wuce, kuma har yau idan la'asar ta yi sanyi nakan ji kamar na makara zuwa wani wuri.

Rumfa biyu aka kafa a ƙofar gidansa a unguwar Bobiel ta Yamai, amma ba su ishi mutane ba. A ɗaya akwai ƴan kasuwar albasa, abokan sana'arsa tun lokacin da yake da wurin zama a kasuwar Petit Marché, tsofaffi da carbi a hannu, suna ta "Allah shi jiƙan Alhaji, Allah shi sa ya huta." A ɗayar kuwa mu ne, yaran da ya koya wa tsaron baya a filin balo, wato ƙwallon ƙafa, yanzu duk mun aje tumbi, wasu har da furfura. Tsofaffin suna leƙenmu da mamaki, don su a saninsu Alhaji mai albasa ne ya rasu, ba su gane abin da ya tara waɗannan ƙattin ba. Mu kuma Koci muka rasa, kuma yawancinmu ba su taɓa ganinsa a bakin sikeli ba.

Tsohon mai tsaron gidanmu a wasan balo, wani Bazabarme da yanzu yake tuƙa taksi, ya iso bayan an dawo daga maƙabarta. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana cewa "fonda tilas", gaisuwar ta'aziyyarsu, yana dakewa. Da ya zo kaina sai ya so ya ƙara wani abu da Hausa. "Koci, shi ne ya..." Nan maganar ta tsaya. Ya cire hularsa ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa suna rawa, sai da muka kama shi muka zaunar.

Mutum ɗaya ne bai yi kuka ba, kuma shi kowa yake kallo. Ɗan farin Kawu ne, taubashina, yana zaune a bakin tabarma da ƙafar dama a miƙe, don gwiwar ba ta lanƙwasuwa. Yana karɓar gaisuwa yana amsawa yadda ya kamata, idonsa a bushe. Duk unguwa an san shi da mahaifinsa sun daɗe ba sa ga maciji. Na ji ana raɗa a bayana, "Sun shirya kuwa?" Har wata gwaggonmu ta aiko aka kira ni cikin gida, ta ja ni gefe.

"Kai da kake tsakaninsu," in ji ta, "hwaɗa mini gaskiya. Yaron ga ya yahe ma ubanai kahin shi cika?"

Na ce mata ta yi masa addu'a kawai. Raina ya ɓaci, don ba a ƙofar madafa ake amsa irin wannan tambaya ba, mata suna jan kunne a kan tukwane. Amma tambayar tana da hakki, kuma ba za a gane amsarta ba sai an san wane ne Kawu. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Kawu mutumin Adar ne, daga wani ƙauye kusa da Tawa. Albasa ce ta kawo shi Yamai yana saurayi, a nan kuma ya kamu da son balo. Ya buga baya a wata ƙungiyar unguwa har ƙafa ta gaji, sannan ya koma koyarwa, ba tare da wani ya naɗa shi ba. Lokacin Bobiel gonakin gero ne da gidaje jefi-jefi, sai ya share wani fili ya kafa sanduna. Ni an kawo ni gidansa ina yaro don in yi lakkwal, wato makarantar boko, kuma tun ranar da na sauka ya dubi ƙwaurina ya ce wa mahaifiyata, "Wannan ɗan baya ne." Ita ta ɗauka zagi ne.

Shi ba ruwansa da masu cin ƙwallo. Waɗannan ya bar wa wani abokinsa su, yana cewa su tafi can su yi ta rawarsu. Mu ƴan baya yakan ja mu ƙarshen fili, inda ya jera tsofaffin buhunan albasa da ya cika da rairayi, su ne abokan gabanmu. Har yau idan na ji warin albasa a rana, gwiwoyina sukan rusuna da kansu.

Abin da ya fara koya mana shi ne tsayuwa. Ka ba abokin gaba gefenka, kar ka ba shi ƙirji. Ka rusuna, nauyinka a kan yatsu. "Kak ka dubi ƙahwa," yakan ce, "ƙahwa maƙaryaciya ta. Dubi cibiya. Inda cibiya ta tahi, nan mutum za shi." Sai mu wuni muna ja da baya a gaban mutum, ba a yarda mu kai wa balo hari ba, aikinmu kawai mu ɓata masa lokaci, mu tura shi bakin layi inda ba shi da wurin juyawa. Yaro yana son ya zame a ƙasa ya kwashe ƙwallo a yi masa ihu, amma a wurin Kawu wannan shi ne babban laifi. Wanda ya kwanta ƙasa ba dalili, shi zai ɗauko bidon ruwa, wato jarka, daga famfo har fili gobe. "Ka kwanta, ka hita wasa," yake cewa. "Mu goma munka rage, kai kana kallon sama." Ni na ɗauki bidon nan har kafaɗata ta saba.

Akwai kuma igiya. Yakan ɗaure mu huɗu a ƙugu da igiyar ɗaurin buhu, ya bar ɗan tazara tsakani, sannan ya ce mu hau, mu sauka, mu karkata. Idan ɗaya ya yi barci sauran za su fizge shi ya ci ƙasa. Masu wucewa a kan jakuna sukan tsaya su yi mana dariya, wani tsoho ma ya taɓa tambaya ko fursunoni ne. Amma da igiyar nan muka iya tafiya a layi ɗaya, har ƴan gaban wasu unguwanni suka gaji da faɗa wa tarkon satar gida a hannunmu.

Sai dai babban karatunsa baki ne. Yakan ce ɗan baya bebe gara a bar wurinsa babu kowa, don aƙalla za a san babu kowa. Wanda yake baya shi yake ganin fili, saboda haka wajibi ne ya zama idon wanda yake gabansa. Don mu koyi wannan yakan ɗaure wa ɗaya fuska da ƙyalle, ɗaya kuma ya tsaya bayansa yana tuƙa shi da murya tsakanin buhuna. Kuma akwai ƙa'ida: suna ne farko, sannan umarni. "Kac ce 'dama' cikin hili, wa kake ma magana? Mutum ashirin da biyu na da dama. Kira sunanai, kunnenai shi buɗe, sannan ka hwaɗi." Shi kansa haka yake yi. Muryarsa ta ɗan kasuwa ce, tana ƙetare fili ta shiga gidajen mutane. Matan unguwa sun haddace sunayenmu ba su taɓa ganin fuskarmu ba.

Suna ɗaya ne ba su taɓa ji ba, na taubashina.

A garinsu Kawu, kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya yi masa magana kai tsaye a gaban mutane, ba ya nuna ya san da zamansa. Mutane da yawa sun sassauta da suka shigo birni, sukan sa wa yaro wani laƙabi su huta. Kawu bai sassauta ko ƙwayar gero ba. A gida yakan ce "yaron ga" ko "wancan". Inna, matarsa, ita ma haka take, amma ita tana da tuwo da man shanu da za ta yi magana da su. Shi kuma sai Allah ya jarrabe shi, ɗan nan ya tashi ya fi kowa iya tsaron baya a cikinmu. Ba don ɗan'uwana ne ba nake faɗa. Yana da tsawo, yana da natsuwa, yana karanta ƙwallo tun ba a buga ta ba, kuma ban taɓa ganin ya ɗauki bidon ruwa ba.

To yaya koci zai horar da ɗan wasan da ba ya iya yi wa magana? Ni ne amsar. Kawu ya haɗa mu a tsakiyar baya, ni da shi, ya mai da ni bakinsa. Sai ya ƙwala mini kira, in juya, ya ce, "Hwaɗa ma abokin naka shi rage hawa." Abokin nawa yana tsaye kusa da ni, ya ji komai, amma sai na juya na maimaita masa, shi kuma ya gyaɗa kai. Da farko abin dariya ne. Yara sukan kira ni ɗan aike, ni kuma, da yake taubashi abokin wasa ne, nakan ƙara gishiri: "An ce ka rage hawa, kuma an ce kanka ya yi kama da tulu." Ya bi ni da gudu, Kawu ya kau da kai kamar bai gani ba, gefen bakinsa yana motsi.

Na taɓa ba shi shawara. Na ce, "Kawu, tunda sunan ne ba ya kiruwa, ka kira lambar rigarsa mana."

Ya dube ni kamar na ce ya yi salla babu alwala. "Lamba ba kira ba ce?" in ji shi. "Tahi ka ɗauko buhu."

Gyara yana bi ta bakina ya isa, amma yabo ba ya bi. Idan ni na tare ƙwallo mai kyau, unguwa duka za ta ji sunana. Idan taubashina ya yi abin da ya fi nawa sau goma, Kawu sai ya duƙa ya gyara takalminsa. Na sha ganin yadda taubashina yake satar kallon bakin fili bayan ya yi bajinta, sannan ya mai da kansa. Bai taɓa cewa komai ba, ni ma ban ce ba, don a lokacin mun ɗauka haka duniya take.

Abin ya faru a gasar unguwanni ta babban hutu. Mun kai wasan kusa da ƙarshe, aka haɗa mu da ƴan Lamordé a filinsu, can ƙetaren kogi. Ana ta cewa wasu masu neman ƴan wasa daga manyan ƙungiyoyi za su zo, kuma kowa ya san wanda suka zo gani. Fili ya cika, ɗaliban jami'a sun zo da ganguna da gwangwanaye. Ana cikin wasa muka samu bugun kwana, Kawu ya yi mini alama in hau in sa kai, taubashina ya zauna gadi shi kaɗai. Ƙwallon ba ta zo mini ba. Suka kwashe ta, suka ɗaga ta sama, doguwa, zuwa gidanmu.

Taubashina ya juya yana gudu zuwa ragarmu, kansa a sama yana bin ƙwallo. Mai tsaron gidanmu, Bazabarmen nan, shi ma ya fito a guje, idonsa a sama. Ya ce ya yi ihu, kuma na yarda, amma gangunan nan sun cinye muryarsa. Babu wanda ya ga ɗan'uwansa a cikinsu. A duk filin mutum ɗaya ne ya ga abin da zai faru kuma yake da muryar da za ta ratsa ganguna. Kawu ya shigo cikin fili da ƙafa ɗaya, ya ɗaga hannu, ya ƙwala kira da iya ƙarfinsa.

Sunana ya kira. Ni da nake can ƙarshen fili, ba abin da zan iya yi.

Taubashina ya ji kiran sarai, daga baya ya gaya mini. Amma ba sunansa ba ne, kuma Kawu da kansa ya koya mana kar kunnenka ya buɗe sai da sunanka. Bai waiwaya ba. Ƙarar haɗuwarsu har inda nake na ji ta. Mai tsaron gida ya tashi da jini a baki, shi kuwa taubashina bai tashi ba, ƙafarsa ta dama tana kallon inda ƙafa ba ta kallo.

A gidan likita Kawu ya yi duk abin da uba yake yi. Shi ya yi ta zirga-zirga, shi ya nemo babban likitan ƙashi, rumfarsa ta kwana biyu a rufe. Amma ɗakin da ɗansa yake kwance bai shiga ba. Yakan tsaya a bakin ƙofa ya tambayi majo, ma'aikacin jinya, "Yaya mai jikin?" alhali mai jikin yana kallonsa daga kan gado. Likita ya ce zai yi tafiya, amma balo ta ƙare.

A cikin kwanakin nan ne Kawu ya yi wani alheri da har gobe ake ba da labarinsa, kuma alherin nan ne ya ƙarasa fasa gidansa. Mai tsaron gidanmu ya kulle kansa a ɗaki, ba ya ci, ba ya fita, yana cewa shi ya karya ɗan Koci. Kawu ya wanke ƙafa ya tafi har gidansu, ya zauna a tsakar gida, ya yi ta kiran sunansa har ya fito. Ya dafa kansa ya ce, "Ka hito daidai. Ni na koya ma ka hito. Gobe in ba ka zo hili ba, ni da kai ne." Ya ci abinci tare da shi a kwano ɗaya. Yaron ya dawo, ya yi shekaru yana tsare mana gida, kuma ba ya yarda a ambaci Koci a gabansa ba tare da ya yi masa addu'a ba.

Labarin ya kai wa taubashina a kan gado. Sai ya ce mini, "Ashe ya iya lallashi." Da aka sallame shi ya fara taka ƙafa, sai ya ɗaure kayansa. Kawu yana zaune a zaure, taubashina ya tsaya da sandarsa ya dube ni. "Ɗan aike," ya ce, "hwaɗa mishi na bar mishi gidanai." Wannan saƙon ban maimaita ba, kuma ba a nemi in maimaita ba. Kawu ya ci gaba da jan carbinsa, amma na ga yatsunsa sun tsaya a kan ƙwaya ɗaya.

Lamordé ɗin taubashina ya koma, kusa da filin da ya ci ƙafarsa. Ya koyi gyaran moto, wato babur, ya yi aure, ya kafa kansa. Yakan zo ranar salla ya gaida Inna, ya rusuna daga nesa ya gaida mahaifinsa yadda ake gaida maƙwabci. Da ya haifi ƴarsa ta fari sai ya riƙa kiran sunanta da ƙarfi, musamman idan ya kawo ta Bobiel, ko da dalili ko babu. Inna takan toshe kunne tana salati. Kawu kuwa yakan ɗauki jikar ya ɗora a cinya yana ce mata amaryarsa, yana ta tsokanarta, kuma duk wanda ya gani ya san wasan nan ba nata ba ne ita kaɗai.

Duk lokacin da sabuwar albasa ta iso, Kawu yakan ware buhu mafi kyau ya ce in ɗora a moto in ƙetare gada da shi. Ba saƙo. Idan na dawo sai ya bari mu gama wata hira, sannan ya ce, kamar abin ya faɗo masa ne, "Ƙahwar abokin naka, da sanyin ga?" Wata rana haƙurina ya ƙare. Na riga na zama magidanci, ina taimaka masa a fili. Na ce, "Kawu, gadar nan ba ni kaɗai aka gina wa ba. Kai ka koya mana bebe ba shi da amfani a baya, amma ɗanka yana can yana jiran kalma ɗaya, ka kasa. Wannan ba kunya ba ce, taurin kai ne."

Ban taɓa yi masa magana haka ba. Ya tashi tsaye, na ɗauka mari ne. Sai ya ce, "Ubana bai taɓa kiran yayana ba har ya mutu, kuma ba wanda ya ce bai son shi."

Na ce, "Ubanka bai sa yayanka a tsakiyar baya ba."

Ya kore ni daga fili. Na yi kusan wata ban taka ba, sai ga wani yaro ya zo ya ce Koci ya ce igiya ta tsinke, in zo in duba. Igiyar lafiyarta ƙalau. Haka Kawu yake ba da haƙuri, kuma haka na karɓa.

Ya ci gaba da horar da yara har gidaje suka cinye kusurwar filin, har muryarsa ta fara dishewa, yana zaune a kan kujerar roba yana nuni da sanda. Sai ciwo ya kwantar da shi. Likitoci suka yi nasu, daga baya suka ce a mai da shi gida. Taubashina yakan zo, ya tsaya a tsakar gida ya tambayi Inna jikin, ya ajiye abin da ya kawo ya juya. Na ga abin zai wuce haka nan, kuma tsoro ya kama ni, don na san wanda aka bari shi zai ɗauki kayan. Wata safiya na same shi a garejinsa yana kwance wata moto.

"Gurgu, tashi mu tafi," na ce.

"Ina?"

"Ka sani. In ba ka tashi ba in ɗauke ka kamar buhu, ka san ba ka iya guje mini."

Ya zage ni yadda taubashi yake zagin taubashi, ya wanke hannu, ya hau bayana. Muka ƙetare gada muka nufi Bobiel.

Da hantsi muka shiga ɗakin. Kawu yana kwance, ya zama ƙarami ƙwarai, fuskarsa tana kallon rufi. Na zauna a bakin gado, taubashina ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa ya miƙe ƙafarsa. Inna tana tsaye da kwanon kunu. Kawu ya gan shi, na san ya gan shi, amma ni ya yi wa magana. "Ba ka ba baƙonka ruwa?"

"Ba baƙo ba ne, Baba," in ji taubashina. "Ni ne."

Sannan ya ƙara da cewa, "Baba, tambaya guda gare ni, ba ni ƙara wata. Ka san sunana kuwa?"

Inna ta aje kwanon ta fita da sauri, mayafi a baki. Ni ma na yunƙura zan bi ta. Kawu ya kama hannuna, ya ce, "Kak ka hita. Amma kauce nan." Sai a lokacin na lura a tsakaninsu nake zaune, na tare wa kowa fuskar ɗan'uwansa. Na koma gefe na jingina da bango. Kawu ya juyo da kansa da ƙyar, ya dubi ɗansa ido cikin ido. Ni dai tun da nake ban taɓa ganin haka ba.

"An hwaɗa ma ranar sunanka gudu na yi," ya ce. "Gaskiya ne, na gudu kasuwa. Amma ranar da anka haihe ka, da mata sunka hita, na shiga ɗakin. Na ɗauke ka, na yi ma kiran salla a kunne, na hwaɗa ma shi. Ban aiki kowa ba. Ni na zaɓe shi, kuma duk duniya ba wanda ya riga ni hwaɗinai."

Taubashina ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "To ranar Lamordé fa?"

Kawu ya ɗaga hannu ya taɓa maƙogwaronsa. "Ya taho har nan. Wallahi ya taho. Na buɗe baki, sai na wannan ya hito." Ya yi nuni da ni. "Bakina bai san hanyar naka ba, ni na hana shi koyo. Da na kira, da ka waiwaya, na sani, don ba ni da ɗan wasan da ya hi ka jin kira. Ƙahwar ga ni na karya ta. Ka yahe mini."

Ya tsaya yana numfashi. Leɓɓansa suka motsa, suka sake motsawa. Na gane abin da yake ƙoƙarin yi, taubashina ma ya gane. Muka jira. Tsoho yana kokawa da bakinsa, gumi ya tsatso masa a goshi, hawaye suna gangarowa cikin kunnensa, amma sunan bai fito ba. Na so in yi ihu in faɗa a madadinsa, na ciji leɓena.

Taubashina ya ja jiki da hannu, ƙafar tana binsa, har ya iso bakin gado. Ya ɗauki ƙafafun mahaifinsa ya ɗora a cinyarsa yana matsa su a hankali.

"Bar shi, Baba," ya ce. "Kak ka wahal da kanka. Bar shi inda ka aje shi, yana nan. Na yahe."

Kawu ya rufe ido. Suka zauna haka har aka kira azahar. Taubashina bai koma Lamordé ba sai bayan da muka rufe Kawu, kuma a hannunsa ya cika. A maƙabarta mutane suka ce ya bari masu ƙafa su shiga kabarin, ya ƙi. Mu biyu muka riƙe shi ta hammata muka saukar da shi, ni da tsohon mai tsaron gidanmu, ya karɓi mahaifinsa ya gyara masa kwanciya, sannan muka jawo shi waje.

Kawu ya rasu bai kira sunan ba. Ina jin haushinsa a kan wannan, kuma ina kewarsa fiye da yadda zan iya rubutawa. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba, ya saka masa a kan kowane yaro da ya tsayar da ƙafafunsa, ya ba Inna haƙuri. Malamai sun ce akwai ranar da za a kira kowa da sunansa da sunan ubansa a gaban halitta duka. Ya Allah, idan ranar ta zo, ka tsayar da su biyun kusa da juna, inda Kawu zai ji.